Abin da ke rubuce a cikin hotunan wayoyinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwa kan wani abu da ya shafi duk mai waya a aljihu, ya kuma shafi aikinku na jarida kai tsaye.

Ni mai hoto ne, a Zariya shagona yake. Na shiga sana'ar tun zamanin fim da nagatif, lokacin da sai an kai wanki kafin mutum ya ga yadda ya fito. Yau biki da suna da walimar saukar Alƙur'ani da fasfo duk da kyamarar zamani nake yin su, kuma kusan kullum sai wani ya shigo da waya ya ce in fitar masa da hoto a kati. A nan na lura da abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk hoton da waya ko kyamara ta ɗauka yana da rubutu a cikinsa wanda ido ba ya gani, mu kuwa a baibai muke tafiyar da wannan rubutu. Inda ya kamata a goge shi, nan muke barin sa ya faɗa hannun baƙo. Inda ya kamata a adana shi, nan muke zubar da shi.

A da in mun wanke hoto mukan juya bayansa mu buga hatimin shago, wani lokaci mu sa kwanan wata da biro. Abin da kyamarar yanzu take yi ke nan, sai dai ita a cikin fayil ɗin take rubutawa, kuma abin da take rubutawa ya fi na hatimi yawa nesa ba kusa ba. Sunan tsarin Exif. Ƙungiyar masana'antun kayan lantarki ta Japan ce ta fito da shi a 1995, domin kyamarorin kamfanoni daban-daban su riƙa rubuta bayanansu iri ɗaya, kuma har gobe shi ake bi, tun daga manyan Canon da Nikon har zuwa Tecno da Itel ɗin da ke hannun yaranmu.

Yanzu haka akwai wani hoton ɗaurin aure a buɗe a kwamfutata, bari in karanto muku abin da ke cikinsa. Ya faɗi kamfanin da ya ƙera kyamarar da samfurinta. Ya faɗi lambar jikinta, wadda ita kaɗai ke da ita. Ya faɗi irin gilashin da na ɗaura mata. Ya faɗi rana da awa da minti har da sakan. Ya ce idon kyamarar ya buɗe na kashi ɗaya bisa 125 na sakan, faɗin buɗewar f/4, ISO 800 saboda zauren ba shi da haske sosai, filasha kuma ba ta tashi ba. Har sunan manhajar da na gyara hoton da ita yana nan. Abu guda ne babu, wato wurin da aka ɗauka, domin kyamarata ba ta da GPS. Waya kuwa tana da shi. Ranar farko da aka buɗe kyamarar waya takan tambaya ko a bar ta ta san inda ake, kuma yawancinmu mun danna amincewa ba mu karanta ba, ko kuma yaron kasuwa da ya yi mana saitin wayar ne ya danna. Tun daga ranar kowane hoto yake fita da lambobi biyu, na arewa da na gabas. A Zariya za ka ga 11 da ɗigo kaza, da 7 da ɗigo kaza. Digiri ɗaya na arewa ya kai kusan kilomita 111, saboda haka lamba ta biyar bayan ɗigo maganar kamar mita ɗaya take yi. A fili, inda ba rufi ko doguwar katanga, waya takan dace da wurin da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci ba. Wannan ya isa a nuna ƙofar gida.

Duba wannan rubutu ba ya buƙatar kuɗi ko wata manhaja. A wayar Android, buɗe hoton a galari ko a Google Photos, ka ja shi sama da yatsa, ko ka taɓa ɗigo ukun nan na kusurwa ka zaɓi Details. A iPhone akwai ƙaramin harafin i a cikin da'ira a ƙasan hoton. A kwamfuta mai Windows, danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ka shiga Properties sannan Details, kuma a ƙasan wannan shafin akwai layin da ake dannawa a goge bayanan. Wanda yake son ganin komai da komai sai ya nemi ExifTool, wadda wani ɗan Kanada mai suna Phil Harvey ya fitar a 2003, kyauta ce, kuma ita masu bincike suka fi riƙa.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga gida ta zo in haɗa mata hotunan kayanta a takardar talla. Da na buɗe na farko sai na ce, "Hajiya, wannan a tsakar gidanki aka ɗauka ko?" Ta ce, "Ƙwarai, Malam. Ya aka yi ka sani, bayan ba abin da ya fito sai tabarma da kaya?" Na kwafi lambobin nan biyu na zuba a taswira, na juya mata fuskar kwamfutar. Ga lungunsu, ga masallacin unguwa, ga rufin gidanta da alama a kansa. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta yi salati ta ce, "Ai haka nake tura wa kowa. Da na tura a WhatsApp yadda aka saba sai kalar atamfar ta dushe, shi ne 'yata ta koya mini in riƙa turawa ta dokumen." Mutanen da ba ta taɓa gani ba, waɗanda suka samu lambarta a Facebook, su take tura wa hoton kayan miliyoyi tare da adireshin inda kayan suke kwana, kuma maigidan matafiyi ne. Nan take muka shiga saitin kyamararta muka kashe lokeshan. Ba ta yi ganganci ba, ba a taɓa gaya mata ba ne. Irinta suna da yawa, kuma a wannan zamani da masu garkuwa da mutane ke biyan 'yan leƙen asiri kuɗi don a nuna musu gida, ba daidai ba ne mu riƙa raba adireshinmu kyauta.

Kada wani ya ce wannan matsalar marasa boko ce. A Disamban 2012, John McAfee, wanda ya kafa kamfanin manhajar tsaron kwamfuta mai sunansa, yana gudun 'yan sandan ƙasar Beliz da ke son yi masa tambayoyi kan kisan maƙwabcinsa. 'Yan jaridar mujallar Vice da ke tare da shi suka ɗauke shi hoto da iPhone suka sa a intanet. Cikin sa'o'i mutane suka buɗe hoton suka ga yana Gwatamala. Da farko ya ce shi ya sauya lambobin don ya ɓad da sawu, daga baya ya amsa cewa can yake, kuma bayan 'yan kwanaki hukumomin ƙasar suka kama shi kan shiga ba bisa ƙa'ida ba. Rundunar sojan Amurka ma da bakinta ta faɗa cewa a 2007 sojojinta a Iraƙi sun sa hotunan sababbin jirage masu saukar ungulu a intanet, abokan gaba suka karanta wurin daga cikin hotunan, suka harba makamai suka lalata guda huɗu.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne hanyar da hoto ya bi. In ka tura shi a WhatsApp yadda aka saba, ko ka sa a Facebook ko Instagram, za su matse shi su cire bayanan daga kwafin da jama'a za su samu, ko da yake Facebook ya faɗa a ƙa'idojinsa cewa shi kansa yana tattara irin waɗannan bayanai. In kuwa ka tura ta dokumen, ko ta imel, ko ta Xender da Bluetooth, ko ka ba da mamori ko filash, galibi fayil ɗin yana tafiya yadda yake da duk abin da ke cikinsa. Iyaye mata su faɗa wa 'yan mata wannan: wanda kika haɗu da shi a intanet ya ce ki turo masa hoto ta dokumen don ya fito tas, ki sani ba fuskarki kaɗai za ta je masa ba. Akwai kuma ɗan ƙaramin kwafi na hoton da kyamara ke ɓoyewa a cikin fayil, kuma wasu manhajojin gyara sukan yanke babban su bar ƙaramin yadda yake, da duk abin da aka so a yanke. Wanda yake shakka ya ɗauki sikirinshot na hoton ya tura shi, domin sikirinshot ba ya ɗauko bayanan kyamarar asali. Masu iPhone kuma, a wajen turawa akwai Options a sama inda ake kashe wurin.

Ɓangare na biyu ya fi yi mini ciwo, domin a nan haƙƙin mutane ke salwanta. Waya ta cika, sai mutum ya ce ai na tura wa ƙanena a WhatsApp, ya goge na asali. Wani dattijo ya zo mini da irin wannan. An yi masa ɓarna a gona, ɗansa ya ɗauki hotuna a ranar, aka kai magana gaba, ɗaya ɓangaren ya ce hotunan na bara ne. Ya ce, "Ɗana, an ce kai kana iya fito da ranar da aka ɗauki hoto." Na ce, "Baba, in na asali ne, a minti ɗaya ma." Muka duba, ba ko ɗaya na asali. Duk sunayensu sun ƙare da WA da lambobi, alamar ta WhatsApp suka bi, kuma kwanan watan da ke jikin irin wannan suna na ranar da hoton ya shigo wayar ne, ba na ranar da aka ɗauka ba. Wayar da ta ɗauka an riga an yi mata wankin ƙwaƙwalwa an sayar. Na ga yadda jikinsa ya yi sanyi, kuma ba ni da abin da zan ba shi. Da ɗan nasa ya bar fayil guda ɗaya yadda waya ta ajiye shi, da rana da awa da wurin gonar duk sun fito.

Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta yarda a karɓi shaidar da ta fito daga na'ura, bisa sharuɗɗa, ciki har da takardar da ke bayanin na'urar da yadda aka samar da abin. Lauya ne zai yi wa mutum bayanin wannan dalla-dalla. Abin da ni zan ce a matsayina na mai hoto shi ne, duk hoton da kake jin wata rana za a yi jayayya a kansa, na hatsarin mota ne, na iyakar fili, na raunin duka, na aikin kwangilar da aka bari rabi, ko na takardar sakamakon zaɓe a rumfa, to a wannan lokaci kunna lokeshan kafin ka ɗauka. Kada ka gyara shi, kada ka yanke, kada ka sauya masa suna. Tura wa kanka kwafi ta imel, ka bar na cikin wayar.

Sai dai kada a ɗauki wannan rubutu a matsayin rantsuwa. Wanda ya iya ExifTool zai sauya rana ko wuri da layi ɗaya na umarni. Ko ba mugun nufi ma, agogon babbar kyamara da hannu ake saita shi, kuma in batirin ciki ya mutu sai ya koma wata tsohuwar shekara. Na sha karɓar hotunan biki daga yaran da muke aiki tare in ga an ɗaura aure tun kafin a ƙera kyamarar. Tsarin ma bai tanadi gurbin rubuta bambancin agogon ƙasashe ba sai a 2016. Shi ya sa mai bincike na gaske ba ya tsayawa a kan layi ɗaya. Misali, a hoton waya sau da yawa akwai lokaci iri biyu, na agogon wayar da na GPS, kuma na GPS agogon GMT yake bi, wanda Najeriya da Nijar suke gaba da shi da awa ɗaya. In ka ga tazarar da ta saɓa wa haka sosai, akwai abin tambaya. In hoto ya ce ƙarfe 12 na rana amma inuwar mutane ta yi tsawo, akwai abin tambaya. In ya ce watan Maris a Katsina amma ga gero ya kai ƙugu, ba sai an kira masani ba. Kamfanoni sun fara ƙera kyamarar da ke sa wa hoto wani sa hannu na lantarki da zai nuna in an taɓa shi, Leica ce ta fara fitar da irinta a 2023, amma kuɗinta ya fi ƙarfin irinmu, kuma kafin abin ya iso wayar talaka da sauran tafiya.

Malam Edita, ga inda maganar ta zo kanku. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma da wannan yarda tamu ake cutar mu. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa wasu munanan hotuna a Facebook aka ce na kashe-kashen da ake yi ne a lokacin. Binciken da BBC ta fitar a Nuwamban shekarar ya nuna cewa wani bidiyo daga cikinsu a Kongo Barazabil aka ɗauke shi tun 2012, hoton wani jariri kuma ya daɗe da watanni a intanet kafin rikicin. Binciken ya ce washegarin ranar da aka fara yaɗa hotunan an tare hanya a Jos an kashe mutum 11, kuma 'yan sandan jihar suna ganin hotunan sun taimaka wajen rura wutar. Hotunan gawarwakin da suka ƙone a fashewar tankar mai a garin Sange na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a 2010 an sha yaɗa su ana cewa a Najeriya aka yi kisan. Ko a kan gaskiya ma an yi amfani da hoton da ba shi ba: bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, wasu daga fuskokin da suka zagaya duniya na 'yan matan Gini Bisau ne, waɗanda wata mai hoto Ba'amurkiya, Ami Vitale, ta ɗauka shekaru kafin nan, ba ruwansu da Chibok.

Duk irin waɗannan hotuna, kafin su iso wayarmu an riga an kankare musu bayanai, domin sun bi ta shafukan da ke cirewa. Rashin bayanan ba hujja ba ce cewa hoto na ƙarya ne, hoton gaskiya ma haka yake zuwa in ya bi ta nan. Abin da yake nunawa kawai shi ne wanda ke hannunka kwafi ne, kuma ba ka san hannu nawa ya bi ba. To sai a koma wa wanda ya turo a ce, kai ka ɗauka? In ya ce shi ne, a ce ya turo na asali ta dokumen. Mai gaskiya ba zai ɗauki minti biyar ba. Wanda ya tsinta a wani zauren WhatsApp zai fara kame-kame. In ba a samu na asali ba, a sa hoton a Google Lens ko TinEye a ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri, kamar yadda masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check suke yi.

Don haka roƙona gare ku shi ne ku mai da wannan ƙa'ida a ɗakin labaranku. Wakilinku na jiha ko mai karatu da ya aiko da hoton hari ko ambaliya ko gobara, a nemi fayil na asali, a buɗe a duba, a adana shi a wurin da ba kowa ke shiga ba. Amma kafin a sa a shafinku na intanet, ko a tura wa wani abokin aiki a zaure, a goge bayanan. Wannan na biyun rai ne a cikinsa. Mutumin ƙauye da ya leƙa ta katangar gidansa ya ɗauki hoton 'yan bindiga suna wucewa, ya amince muku ya turo, lambobin da ke cikin fayil ɗin katangarsa suke nunawa. Ɓoye sunansa a cikin labari bai wadatar ba in fayil ɗin ya fita yadda yake. Haka ma'aikacin da ya ɗauki hoton wata takardar ofis: samfurin wayarsa da mintin da ya ɗauka sun isa a gane shi a ofishin da mutum goma ne kawai ke shiga.

Ina kuma roƙo ku riƙa rubuta a ƙarƙashin kowane hoto wanda ya ɗauka, da inda aka ɗauka, da yaushe. In tsohon hoto ne kuka ɗauko daga ma'ajiya don ya raka sabon labari, ku rubuta ɓaro-ɓaro cewa tsohon hoto ne, da shekararsa, domin da yawa daga masu karatu hoton suke kwafa su yaɗa, ba labarin ba. Sannan ku ware shafi guda ku nuna wa jama'a da hotunan fuskar waya, mataki-mataki, da Hausa, yadda ake duba bayanan da yadda ake kashe lokeshan na kyamara. Ku yi misalin da Tecno da Infinix da Itel, domin su ne a hannun mutanenmu. In kun buga, ni da abokan sana'ata za mu manna shi a bangon shagunanmu, mu kuma riƙa nuna wa duk wanda ya kawo hoto wanki.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Mai hoto, daga Sabon Gari, Zariya.